Idan QEMU Ta Ƙi Harhaɗuwa: Nasiha ga Ƙannena Masu Koyon Linux

Ƙannena, duk wanda ya riƙi Linux da gaske akwai ranar da zai ga abin da ke cikin rumbun Ubuntu ko Debian ɗinsa bai ishe shi ba. Ko dai manhajar ta tsufa, ko malami ya ba da aikin da sai da sabuwar siga, ko kuma ƙaiƙayin son sani ne kawai. Sai ya ce bari ya sauko da tushen manhajar ya harhaɗa da hannunsa. Masu sha'awar kunna kwamfuta a cikin kwamfuta galibi da QEMU suke fara wannan karambani mai albarka, don haka da ita zan yi muku misali.

Wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, shi ya fara fitar da QEMU a 2003. Aikinta shi ne ta kwaikwayi cikakkiyar kwamfuta, da ƙwaƙwalwarta da faifanta da katin sadarwarta, har mutum ya ɗora wata babbar manhaja a ciki ba tare da ya taɓa tasa ba. Da KVM ta shiga cikin Linux a siga ta 2.6.20 a shekarar 2007, sai aka samu hanyar da QEMU za ta riƙa miƙa wa ainihin injin kwamfutar aikin lissafi kai tsaye, gudu ya ƙaru sosai. Manhaja mai irin wannan girma ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Tana jingina da laburare masu yawa waɗanda wasu mutane daban suka rubuta: GLib don ayyukan yau da kullum, pixman don zanen allo, GTK ko SDL don taga, GnuTLS da Nettle don ɓoye bayanai, libslirp don sadarwa. Kowannensu da masu kula da shi, da lokacin fitowarsa, kuma ba wanda ke jiran wani. Daga nan rikicin yake tasowa.

Kafin komai, ku tambayi kanku ko harhaɗawar ta zama dole. In Windows ko Kali kawai kuke son kunnawa don gwaji, apt install qemu-system-x86 ya wadatar, ku adana datarku da cajin batirinku. In kuwa akwai dalili, to bismillah.

Mu ɗauki wanda ke kan Ubuntu 20.04, irin wadda har yanzu ake samu a kan tsofaffin kwamfutocin ɗalibai. Ya sauko da QEMU 9.1, ya buɗe folda, ya buga configure. Bayan 'yan daƙiƙu aiki ya tsaya, saƙo ya fito cewa ana buƙatar glib-2.0 siga ta 2.66 ko sama, abin da aka tarar kuwa 2.64 ne. Tazarar lamba biyu kacal. Ba mugunta masu QEMU suka yi masa ba. Suna da rubutacciyar ƙa'ida cewa idan sabuwar babbar siga ta wani Linux ta fito, za su ci gaba da kula da wadda ta gabace ta na shekara biyu, daga nan su sake ta. Ubuntu 22.04 ta fito a Afrilun 2022, wa'adin ya cika a 2024, QEMU 9.1 kuma ta fito a Satumbar shekarar. Saƙon nan yana gaya masa ne cewa manhajar da kwamfutar ba 'yan zamani ɗaya ba ne.

A wannan gaɓar ce yawancin mutane ke ɓata. Zuciya za ta ce abu mai sauƙi, a sauko da sabon GLib, a harhaɗa, a buga sudo ninja install, a wuce wurin. Kuma abin haushin shi ne dabarar tana aiki a daren farko. QEMU za ta harhaɗu, mutum ya kwanta yana jin shi gwani ne.

Ku fahimci abin da ya aikata. Laburaren da ke cikin tsarin kwamfuta rijiyar unguwa ce. Wanda ya zuba mata wani abu don ruwan ya yi daidai da girkinsa, ya zuba ne a tulun kowa. GLib ba na QEMU ba ne ita kaɗai. Fuskar GNOME gaba ɗaya a kansa take, haka NetworkManager da ke haɗa ku da intanet, haka ɗimbin ƙananan manhajojin da ba ku ma san suna aiki ba. Sunan fayil ɗinsa kuwa, libglib-2.0.so.0, bai canza ba tun daga siga ta 2.0 da ta fito a 2002. Saboda haka sabon da tsohon suna ɗaya suke amsawa. A Debian da Ubuntu, mai loda laburare yana fara leƙa ƙarƙashin /usr/local, inda aka girka sabon, kafin ya je inda apt ke ajiye nasa. Da zarar an buga ldconfig, duk wata manhaja da ta nemi GLib sabon za a miƙa mata, wanda ba a taɓa gwada ta da shi ba. Sabon kuma a ƙarƙashin /usr/local yake neman ƙananan sassan da ke taimaka masa, inda babu su. Sai ka ga mutum ya canza hoton allo ko girman rubutu, ya kashe ya kunna, komai ya koma yadda yake, domin sashen da ke ajiye saituna bai samu ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar masifar sai bayan shekara guda take zuwa, lokacin da ya ɗaga kwamfutar zuwa Ubuntu 22.04 mai GLib 2.72. Idan wanda ya girka da hannu bai kai wannan ba, yanzu shi ne tsoho, amma har yau shi ke gaba a layi, apt kuwa bai san da zamansa ba balle ya cire shi. Sai manhajoji su fara mutuwa da ƙorafin undefined symbol, wani lokaci har allon shiga ya ƙi fitowa. Mai kwamfutar ya riga ya manta da daren nan, sai ya ɗora laifin a kan Ubuntu, ya goge komai ya sake girkawa. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da nake so ya zauna muku shi ne wannan: abin da kuka girka daban, abin da kwamfuta take gani daban. Kuma ba ido ɗaya take gani da shi ba. Lokacin configure, wanda ake aike ya nemo laburare shi ne pkg-config, shi kuma bai san komai ba sai ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .pc, waɗanda ke faɗin siga da inda kayan suke. Lokacin harhaɗawa, GCC ne ke neman fayilolin .h da na haɗi, a inda pkg-config ya nuna masa. Lokacin da kuka kunna manhajar kuwa, wani ne daban, ld.so mai loda laburare, ke nemo fayilolin .so, kuma shi ba ruwansa da abin da pkg-config ya faɗa jiya. Yana da tasa taswirar. Kusan duk rikicin siga da za ku gamu da shi, idan kuka bi diddiginsa, za ku tarar biyu daga cikin waɗannan ukun ne suka kalli wurare daban-daban.

Saboda haka ku daina zato, ku riƙa tambaya. Idan configure ta ce siga ba ta kai ba, ku buga pkg-config --modversion glib-2.0 ku ga lambar da idonku. Sannan ku buga pkg-config --variable=prefix glib-2.0 ku ga daga wace folda amsar ta fito. Wannan tambaya ta biyu ta fi ta farko tona asiri. Ɗaliban da suka girka Anaconda don darasin Python sukan sha mamaki a nan, domin Anaconda takan zo da nata laburaren da nata kayan aiki, ta kuma sa kanta a gaban PATH. Sai ya zama Python ɗin da configure ke kira, wani lokaci har pkg-config ɗin kansa, na cikin foldar Anaconda ne. Umarnin type -a python3 pkg-config meson zai jero muku duk masu amsa waɗannan sunaye, na farko a jerin shi ke aiki. In kun ga Anaconda a sama, ku buga conda deactivate kafin ku ci gaba.

Akwai kuma kukan da na fi ji daga masu farawa: wallahi laburaren yana nan, amma ta ce babu. Gaskiya suka faɗa, ita ma gaskiya ta faɗa. Debian da danginta suna raba kowane laburare gida biyu. Akwai ƙunshin da manhajoji ke buƙata don su yi aiki, akwai kuma mai ɗauke da fayilolin .h da .pc wanda mai harhaɗawa ke buƙata, sunansa na ƙarewa da -dev, irin su libglib2.0-dev da libpixman-1-dev. A Fedora da -devel yake ƙarewa. Maimakon ku riƙa farautarsu ɗaya bayan ɗaya, apt build-dep qemu zai kwaso duk abin da masu Ubuntu suka yi amfani da shi wajen harhaɗa tasu QEMU ɗin, muddin kun buɗe layukan deb-src. Sai dai yana jan data ba kaɗan ba, ku duba adadin da ya nuna kafin ku amsa masa.

Wani tarko ƙarami da ke cinye wa mutane awanni: tun daga siga ta 5.2 a ƙarshen 2020 QEMU ta koma amfani da Meson da Ninja, configure ta zama ƙofar shiga kawai. Meson yana da riƙo. Abin da ya gano a zagayen farko yakan ajiye shi a foldar build. Kuna iya gyara matsalar sarai, ku sake bugawa, ya maimaita muku tsohon ƙorafi. Duk lokacin da kuka canza laburare ko PKG_CONFIG_PATH, ku goge foldar build ku buɗe sabuwa. Shi ya sa ake harhaɗawa a folda ta daban tun farko, don gogewar ta zama ba asara. A cikin wannan foldar kuma akwai meson-logs/meson-log.txt, inda aka rubuta kowace tambaya da aka yi wa pkg-config da amsar da ya bayar. Mutane ƙalilan ne ke buɗe shi, alhali rabin amsoshin da ake yawon nema a intanet suna ciki.

Karatun saƙon kuskure ma sai an koya. Idan kuka buga make -j8, ayyuka takwas ne ke gudu tare, kowanne yana zuba nasa rubutun a allo. Layin ƙarshe ba ya faɗin komai sai cewa an faɗi. Ainihin dalilin yana can sama, wataƙila layi ɗari baya. Ku sake buga make shi kaɗai ba tare da -j ba, zai tafi kai tsaye inda ya tuntuɓe ya tsaya. Kuskuren farko shi ne uwa, sauran duk 'ya'yansa ne.

Ni a wurina kuskuren da ya yi ihu alheri ne. Wanda nake tsoro shi ne mai shiru. Yawancin laburaren QEMU ba dole ba ne, idan configure ba ta same su ba sai ta kashe wannan sashen ta wuce ba tare da ta ce uffan ba. Shekara da shekaru QEMU tana tafe da kwafin slirp a cikin tushenta, shi ne ke ba kwamfutar ciki intanet ba tare da wani saiti ba. A siga ta 7.2, Disambar 2022, aka cire shi, aka ce kowa ya nemo libslirp daga tsarinsa. Wanda bai girka libslirp-dev ba zai harhaɗa lafiya lau, ya jira tsawon lokacin da aikin zai ci, ya kunna, sannan a gaya masa cewa sashen sadarwa mai suna user ba ya cikin wannan manhajar. Sai a koma farko. Maganin yana da arha. Duk abin da kuka san kuna buƙata ku ambace shi da baki: --enable-slirp, --enable-gtk, --enable-kvm. Idan kuka yi haka, rashinsa zai tsayar da configure nan take, a minti na farko. Ku kuma karanta dogon jadawalin da take bugawa a ƙarshe mai YES da NO, ba ado ba ne. Tunda muna kan maganar lokaci, ku sa --target-list=x86_64-softmmu in injin PC kawai kuke so, don in ba haka ba za ta harhaɗa muku ARM da MIPS da PowerPC da SPARC da sauran injinan da ba za ku taɓa kunnawa ba. In wuta ta ɗauke a tsakiya kuma kada ku damu, make zai ci gaba daga inda ya tsaya.

Yanzu ga wata shawara da ta cika intanet wadda nake roƙonku ku guje ta. An harhaɗa QEMU a Ubuntu 20.04, ta haɗu da libnettle.so.7. An ɗaga kwamfuta zuwa 22.04, inda libnettle.so.8 ne ke akwai. Manhaja ta ƙi tashi, ta ce ba ta ga na bakwai ba. Sai wani ya ce ai da ln -s za ka ƙirƙiri suna libnettle.so.7 ya riƙa nuni zuwa na takwas, shi ke nan. Lambar nan ta ƙarshe ba don ƙawa aka sa ta ba. Masu laburaren suna ƙara ta ne musamman don su sanar cewa tsarin cikinsa ya canza ta yadda tsohuwar manhaja ba za ta iya mu'amala da shi ba. Wanda ya yi wannan dabara ƙarya ya yi wa mai loda laburare. In ya yi sa'a manhajar ta mutu nan take. In bai yi sa'a ba ta tashi, ta riƙa karanta bayanai a gurbin da ba nasu ba, kuma a manhajar da ke rubutu a kan faifan kwamfutar ciki wannan ba abin wasa ba ne. Tushen yana hannunku, ku sake harhaɗawa, ta haɗu da na takwas ta hanyar da ta dace. Umarnin ldd a kan fayil ɗin qemu-system-x86_64 zai nuna muku kowane laburare da inda za a ɗauko shi, da wanda ba a samu ba.

Shi kuwa glibc, ko da wasa kada ku taɓa shi. Za ku gamu da saƙo irin GLIBC_2.34 not found idan kuka kwafo manhajar da aka harhaɗa a 22.04 mai glibc 2.35 zuwa 20.04 mai 2.31. Kusan komai a kwamfutar da shi yake numfashi, har da ls da sudo da apt, wato kayan da za ku buƙata don gyara ɓarnar. Haka nan cusa rumbun wata siga a cikin sources.list don a samo ƙunshi guda, masu Debian da kansu sun yi gargaɗi a kai, har suna kiran sakamakon FrankenDebian.

Rikicin yakan zo ta baya ma, tsohuwar manhaja a kan sabon tsari. Masu bincike a jami'o'i sukan gina aikinsu a kan wata sigar QEMU, su bar shi a nan, sai ɗalibi ya zo bayan shekaru yana son maimaitawa. Sanannen misali shi ne memfd_create. QEMU ta 2017 ta rubuta nata aikin da wannan suna domin glibc ba shi da shi a lokacin. Da glibc 2.27 ya fito a 2018 ɗauke da irin sunan, sai suka yi karo, harhaɗawa ta tsaya. Irin wannan --disable-werror ba ya maganinsa. Wannan zaɓin gargaɗi kawai yake hana wa zama kuskure, yana da amfani idan sabon GCC ya cika tsegumi a kan tsohon rubutu, amma kuskure na gaske yana nan daram.

To ina mafita ga mai Ubuntu 20.04 ɗin nan? Mafi sauƙi, wadda girman kai ke hana mutane gani, ita ce ya ja baya da taki ɗaya ya ɗauki QEMU 9.0, wadda GLib ɗinsa ya ishe ta. Sau da yawa abin da yake nema yana cikinta. In kuma dole sai sabuwa, to tsarin ne ya kamata ya ɗaga, tunda ma kulawar yau da kullum ta 20.04 ta ƙare a 2025. In ba zai iya ɗagawa ba, kwantena ta Docker ko Podman za ta ba shi sabon Debian ko tsohon Ubuntu a keɓe, ya yi duk ɓarnar da yake so a ciki. Ita ce kuma amsar mai tsohuwar QEMU ta bincike, ya nemo Linux na zamaninta ya sa a kwantena. Masu QEMU da kansu haka suke gwaji, fayilolin kwantenoninsu suna cikin tushen a tests/docker/dockerfiles, kuma karanta su kaɗai zai nuna muku sunayen ƙunshin da kowane Linux ke buƙata. Abin lura ɗaya ne, abin da aka harhaɗa a kwantena a cikinta zai zauna, kuma sai an miƙa mata /dev/kvm kafin ta yi gudu.

Hanyar da ta fi koyar da mutum, ko da yake ta fi wahala, ita ce ya harhaɗa sabon GLib ɗin amma a cikin gidansa. Ya ba shi prefix na wata folda a ƙarƙashin home, misali opt/qemu, ba tare da sudo ba ko sau ɗaya. Sannan ya nuna wa pkg-config wurin da PKG_CONFIG_PATH a wannan tagar kaɗai. Saura ld.so, wanda na ce muku ba ya jin maganar pkg-config. A nan mutane kan rubuta LD_LIBRARY_PATH a cikin .bashrc, su dawo da cutar da suka gudu daga gare ta, domin duk manhajar da aka kira daga tagar umarni za ta gaji wannan saitin. Abin da ya fi tsafta shi ne a dasa hanyar a jikin QEMU kanta lokacin harhaɗawa, ta hanyar ba configure zaɓin --extra-ldflags mai ɗauke da -Wl,-rpath da cikakken sunan foldar. Daga nan ita kaɗai za ta riƙa zuwa can, readelf -d kuma zai tabbatar muku hanyar ta shiga. Ranar da kuka gaji da ita, goge folda ɗaya ya raba ku. Ku riƙe wannan a matsayin ma'auni: muddin aikin harhaɗawa ya kai ku ga buga sudo a kan wani abu da ba apt ba, ku dakata ku sake tunani.

Ku kuma riƙa ajiye ɗan fayil a gefen tushen, ku rubuta sigar Linux, sigar QEMU, cikakken layin configure da ƙunshin da kuka girka. Shi za ku tura wa wanda kuke neman taimakonsa tare da kuskuren farko, a rubuce, ba hoton allo da aka ɗauka da waya a karkace ba.

Bayan duk wannan, saura abu guda da ke ba mutane kunya. An harhaɗa, an girka, an buɗe virt-manager, sai a ga sabon abin da aka sha wahala dominsa babu shi. Dalili shi ne libvirt, wanda virt-manager ke aiki ta hannunsa, ba ya bin PATH ɗinku a kan kwamfutar ciki da aka riga aka ƙirƙira. Cikakkiyar hanyar QEMU tana rubuce a bayanin kowace ɗaya, kuma galibi /usr/bin/qemu-system-x86_64 ce, wato ta apt. Ku buga virsh dumpxml da sunan kwamfutar, ku nemi layin emulator, ku gyara shi da virsh edit. A Ubuntu, AppArmor na iya hana libvirt kiran manhajar da ke wata folda da bai sani ba, don haka in ta ƙi tashi bayan gyaran, ku duba dmesg ku nemi layukan da ke ɗauke da DENIED.